Koren Wake a Kwanon Kare: Amsa ga Hajiyar da Karenta Ya Yi Ƙiba

Ga tambayar a taƙaice: "Lokotoro, ina zaune a Yamai. Muna da karen gadi, ruwa biyu ne da irin na Jamus, shekararsa 6, an dandaƙe shi tun yana ƙarami. Da aka kai shi allurar haukan kare aka ɗora shi a sikeli, aka ga kilo 38, aka ce bai kamata ya wuce 30 ba. Yanzu ko tashi zai yi sai da nishi. 'Yata da ke karatu a Kanada ta ce a can ana cika rabin kwanon kare da koren wake, sai ya rame. Gaskiya ne? Ba zai cuce shi ba? Abincinsa ragowar na gida ne, da shinkafar da ake dafa masa da ƙashi."

Hajiya, barka da war haka, da fatan iyali na lafiya. 'Yarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ta ɗauko. Koren wake ba ya cutar da kare, yana cikin 'yan kayan garka da nake cewa a ba su ba tare da gabana ya faɗi ba. Batun cika rabin kwano da shi kuwa, nan ne muka raba hanya da ita, kuma zan kawo miki lissafin don ki auna da kanki.

Mu fara raba wake da wake, don a nan ake yawan samun ruɗani. Wanda take nufi shi ne dogon nan siriri da ake ci da kwansonsa tun bai ƙosa ba, wanda masu kayan miya a Wadata da Katako ke kira ariko ber. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, yankin Meziko da duwatsun Andes. A nan Yamai lokacin sanyi ne yake wadata, daga Disamba zuwa wajen Fabrairu, sa'ad da garaken bakin kogi na Gamkalle da Yantala da Saga suke cike da kaya, wani kuma daga Burkina Faso ake kawo shi, inda yankin Kongusi da ke bakin tafkin Bam ya yi suna wajen nomansa. Waken gida kuwa, na ƙosai da alala da shinkafa da wake, wani tsiro ne daban, kuma aikinsa a jiki daban. Giram 100 na dafaffen waken gida yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 115 da furotin kusan giram 8. Giram 100 na koren wake kalori 31 ne kacal, furotin ɗinsa bai kai giram 2 ba, kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, sai zaren nan da hanji ba ya narkarwa, wanda masana abinci ke kira fiba, kusan giram 3. Na taɓa ganin gidan da aka ji "wake na ramar da kare", aka shiga zuba masa waken gida da mai kullum. Bayan wata biyu ya ƙara kilo, ga tusa ta hana mai gadi zama kusa da shi.

To kin ga sirrin koren wake ke nan: yana cika tumbi, ba ya kawo komai da yawa. Kare ya ci, ya ji cikinsa ya yi nauyi, ya daina zarya bakin madafa, alhali abin da ya shiga jikinsa bai taka kara ya karya ba. Yana da bitamin K da C da ɗan manganis, amma kar wannan ya ruɗe ki. Kare shi ke haɗa bitamin C ɗinsa a hanta, ba kamar mu ba da sai mun nema a lemo da tumatir. Saboda haka duk mai ce miki kare na bukatar koren wake don bitamin, talla yake yi. Amfaninsa na gaskiya ɗaya ne, ya toshe gurbin abin da aka cire daga kwano.

Abin tambaya shi ne me za a cire. Tsarin da 'yarki ta ji, wanda ya yaɗu a intanet, yana cewa a fara maye kashi 10 cikin ɗari na abincin kare da koren wake, bayan 'yan kwanaki a ƙara, a yi ta ƙarawa har a kai rabi. Likitocin dabbobi na can ma ba su amince da shi ba. Dalili kuwa a bayyane yake: in kin kwashe rabin kwano, ba kitse kaɗai kika rage ba, kin rage rabin furotin, rabin kalsiyam, rabin ƙarfe da zinki da duk sauran abin da jiki ke ginuwa da shi. Kare zai sauka a sikeli, babu shakka, amma da tsokarsa zai biya. Gashi ya yi ƙura-ƙura, cinyoyin baya su shanye, ga yunwa na cinsa. Ranar da aka gaji aka koma tsohon kwano, kitsen ya dawo da gudu, tsokar kuma ba ta dawo ba. Kare mai nauyin da ya kamata naki ya kai, kilo 30, ina son ya samu furotin giram 60 zuwa 75 a yini muddin ana rage masa ƙiba. In daga koren wake zai nemo giram 60 ɗin nan, sai ya cinye fiye da kilo 3. Ko akuya ce sai ta kasa.

Wannan ma fa a can ne, inda ake ba kare busasshen abincin buhu, kurket, wanda aka riga aka daidaita komai a cikinsa. A kwanon karenki lamarin ya fi haka tsanani, domin ragowar abincin gida da shinkafa da ruwan ƙashi tun asali sitaci da mai ne suka fi yawa, nama ɗan lasa ne. Karnuka da yawa a gidajen masu hali na Yamai haka suke: sun yi ƙiba kuma ba su ƙoshi ba. Kar ki ji na ce shinkafa ko tuwo laifi ne. Wani bincike da aka yi a jami'ar Upsala ta Suwidin, aka buga a 2013, ya nuna kare ya fi kyarkeci yawan ƙwayoyin gadon da ke narkar da sitaci, saboda daɗewarsa yana cin abin da ɗan Adam ke ci. Karnukan ƙauyukanmu da ƙanzo da dusa da tsamin fura suka tashi. Sai dai su yini suke suna yawo, suna bin garke, suna farauta. Naki yana kwance ƙarƙashin mota daga safe har magariba, ga shi dandaƙaƙƙe, kuma dandaƙa na rage bukatar abincin kare da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. An rage bukata, ba a rage kwano ba, shekara biyar ana haka. Kilo 8 ɗin nan daga nan suka fito.

Saboda haka wurin da koren wake zai shiga shi ne gurbin shinkafa da mai da 'yan lashe-lashen tsakanin abinci. Nama kuwa ƙara shi ma za a yi. Duba wannan: giram 100 na dafaffiyar shinkafa kalori 130 ne, giram 100 na burodi ya kai 270, babban cokali ɗaya na man gyada kuwa 120. Cokali ɗayan nan na mai, wanda mai aiki ke kalato wa daga gindin tukunya ta zuba masa don tausayi, daidai yake da koren wake kusan giram 400. Kare mai kilo 30 dandaƙaƙƙe yana rayuwa lafiya da kalori wajen 1,400 a yini. Don ya sauka, muna farawa da wajen 900. In cokali uku na maiƙon miya suka shiga kwanonsa, fiye da kashi ɗaya cikin uku na rabonsa na yini ya tafi a abin da ko gani ba a yi.

Kafin ki sayi ko tuli ɗaya na koren wake, ga aikin da nake so ki fara yi, kuma shi ya fi wuya. Ki gano mutum nawa ke ciyar da karen nan. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a kwanon kare shi ne ciwon. Wani Alhaji ya taɓa kawo mini karyarsa ta yi taiɓa kamar ragon layya, yana rantsuwa sau ɗaya tak ake ba ta abinci. Na ce ya ajiye roba a tsakar gida, ya yi doka yau ɗaya duk wanda zai miƙa mata wani abu ya jefa a robar maimakon bakinta. Da dare ya aiko mini hoton. Rabin burodi da mayonez daga mai gadi, wanda ya saba raba karin kumallonsa da ita tun tana kwikwiya. Fanke biyu da biskit daga yara. Fatar kaji da kitsen da aka yanke daga nama, daga madafa. Ƙanzon shinkafa jiƙe da miya. Ga guntun tsire daga shi Alhajin kansa, wanda ya ce shi wannan ai ba abinci ba ne. Abin da ke robar ya fi abin da ke kwanon. Ki gwada wannan a gidanki, na tabbata za ki sha mamaki. Kuma a nan ne koren wake ya fi yi mini amfani: mutane ba sa iya daina ba kare abu, musamman yara da mai gadin da ke kwana da shi. To a ba su abin da za su bayar. A dafa rabonsa na yini a ajiye a ƙaramin kwano, duk mai son ya yi masa alheri ya ɗauka daga nan. In ya ƙare, ya ƙare.

Yanzu yadda za a shirya shi. A wanke sosai da ruwa mai tsabta, domin kayan garka ana fesa musu maganin ƙwari, wasu garaken cikin gari kuma da ruwan lambatu ake ban ruwa. A cire kai da gindi, a zare zaren gefen in yana da shi, a yanka gajeru kamar gaɓar yatsa. Babban kare mai haɗama ba ya tauna, haɗiya yake yi, dogon kwanso kuwa na iya maƙale masa. Sai a tafasa a ruwa zalla, ko a turara a madambaci, minti 5 zuwa 8, ya yi laushi amma bai narke ba. A bar shi ya huce. Shi ke nan. Babu gishiri, babu dunƙulen magi, babu mai, babu kanwa, babu yaji. Na san hannun mai girki ba ya son sauke abu lami, za ta ga kamar an zalunci dabba. Ki gaya mata hancinsa ne ke zaɓar masa abinci, cokali biyu na romon nama mara gishiri sun isa su sa ya lashe kwanon.

Ɗanye fa? Guda biyu ko uku ba komai, wasu karnukan suna son ƙarar ƙus-ƙus ɗinsa. Amma ɗanyen wake kowane iri yana ɗauke da wani sinadari, lektin, mai tayar da ciki, kuma tafasa ce ke kashe shi. A koren wake kaɗan ne, a busasshen jan wake kuwa yana da yawa har yakan sa mutum amai da zawo. In za a ba shi da ɗan yawa kullum, a dafa. Na gwangwani da ake sayarwa a manyan kantuna a ruwan gishiri yake kwance. In babu makawa, a tsiyaye ruwan, a ɗauraye sau biyu. Ni dai ban ga dalilin kashe kuɗi a kansa ba.

Inda nake so ki buɗe kunne da kyau shi ne albasa. Mu nan ba ma dafa koren wake shi kaɗai. Ko a soya shi da albasa da tafarnuwa, ko a jefa shi cikin miya, ko a haɗa shi a salati da yankakkiyar albasa a sama. Ƙasar albasar Galmi muke, babu tukunyar da ke sauka ba ita. Albasa da tafarnuwa kuwa, da ganyen albasa da gabu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Dafuwa ba ta kashe gubar, shanya ba ta kashe ta, garinsu ma ya fi ƙarfi. In kare ya ci albasar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, wato giram 150 ga mai kilo 30, babbar albasa guda ke nan, jininsa na iya taɓuwa. Kaɗan-kaɗan kullum ma taruwa take yi. Muguntar abin ita ce ba a gani nan take, sai bayan kwana biyu zuwa biyar: kare ya yi laushi, ya ƙi abinci, yana haki ko bai motsa ba, fitsarinsa ya koma ja ko kalar shayi. In kin ɗaga leɓensa, dasashin da ya kamata ya zama ja-ja mai haske sai ki gan shi fari fat kamar takarda. Sau da yawa akan ɗauka ciwon kaska ne, don alamunsu sun yi kama, a yi ta allura, ba wanda ya tuna da ragowar miyar yasa, mai yawan albasar nan, da aka juye masa ranar suna. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji Hausawa. A kwanon kare ba waken ba ne mai ɓatawa, abokan tafiyarsa ne. Don haka a ware nasa tun kafin a ɗora mai a wuta. Wanda ya riga ya shiga miya, ko an tsame shi an wanke, a bar wa mutane.

Tunda mun shiga wannan, in ƙara da su inabi da busasshensa, waɗanda ke kashe ƙodar kare, da cakulan, da goro. Goron nan da ake yarwa a tsakar gida bayan ɗaurin aure, in kwikwiyo ya tsinta ya tauna, zuciyarsa na iya rikicewa.

Nawa za a ba shi? Ƙa'idar da muke bi ita ce duk wani abin ƙari kar ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini. Da koren wake ba kalori ne zai tsayar da ke ba, domin kashi 10 na 900 ya kai wake giram 300. Cikinsa ne zai tsayar da ke. Ki fara da babban cokali biyu a yini, kwana uku, kina duba kashinsa. Na san ba aikin daɗi ba ne, amma shi ne ma'aunin. In yana fita a dunƙule, a ƙara. In ya yi ruwa, ko kumburi da tusa sun yi yawa, a koma baya. Cikin mako biyu a kai giram 100 zuwa 150 a yini, wato kamar cikin hannu biyu, a tsaya nan. Ƙananan karnukan cikin ɗaki masu kilo 5 zuwa 8, kwanso uku ko huɗu sun ishe su. Kar ki damu in kin ga guntayen kore a kashin, hanjin kare gajere ne, ba ya gamawa da ganye kamar na tunkiya.

Ga misalin kwanon yini ga kare irin naki, a matsayin mafari. Dafaffen nama mara kitse giram 250: kaza da aka cire wa fata, ko zuciya da ƙundu, ko kifin da aka zare wa ƙaya. Ba sai kin sayi tsoka mai tsada ba, ki yi magana da mahaucinki ya riƙa ware miki zuciya da huhu da tumbi. Dafaffiyar shinkafa ko tuwo giram 200, wanda na tabbata bai kai rabin abin da yake ci yanzu ba. Dafaffen ƙwai ɗaya. Koren wake giram 150, kabewa giram 100. Ƙaramin cokali ɗaya na mai, don fata da gashi na bukatarsa. Hanta 'yar kaɗan sau biyu a mako, kar a wuce, yawanta na da nasa ciwon. Wannan ya kai wajen kalori 900. Sai abin da kusan kowa ke mantawa, kalsiyam. Nama da hatsi duk ba su da shi sosai. Ki tara ɓawon ƙwai, a wanke, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na abinci. Tunda tafiyar ta watanni ce, ki sa likitan da ke ganinsa ya rubuta masa ƙarin bitamin da ma'adinai na karnuka. Ki sayi ƙaramin sikelin madafa. Ido maƙaryaci ne a wannan aiki, ludayi kuma girmansa na bin zuciyar mai zubawa.

Shinkafar da ake dafa masa da ƙashi ma akwai gyara. Ɓargo kitse ne zalla. A dafa ƙashin daban, a bar romon ya huce, a kwashe farin maiƙon da ya daskare a sama a zubar, sannan a yi amfani da ruwan. Dafaffen ƙashin kansa kuwa kar a ba shi, musamman na kaza da haƙarƙarin rago. Yana tsagewa kamar tsinke, ya huda hanji ko ya toshe shi. Kwanakin da ke bin Babbar Salla su ne mafi cika a asibitin dabbobi: an kafa raguna a bakin wuta a kowane titi, kitse na ɗiga, an tara ƙasusuwa, kowa na jefa wa kare. Kitse mai yawa a lokaci guda na kumbura wa kare wata gaɓa ta cikin ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci, wadda muke kira fankiriyas, kuma mai ƙiba ya fi saurin kamuwa. Ki sa ido a kansa a wannan makon.

A raba abincin kashi biyu, safe da yamma. Karnuka masu zurfin ƙirji irin na Jamus suna da haɗarin murɗewar tumbi in sun cika ciki a zama ɗaya, balle su yi guje-guje a kai. In kin taɓa ganin cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, yana dalala, ko ƙarfe biyun dare ne a nemi likita, wannan ba ya jiran gari ya waye.

Saurin da ake so shi ne ya rage kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a mako. Ga mai kilo 38, wajen rabin kilo ke nan. Kilo 8 za su ɗauki wata huɗu zuwa shida. In wani ya yi miki alkawarin wata ɗaya, tsokarsa zai cinye. A auna shi duk mako biyu a sikeli ɗaya, a rubuta a takarda. Tsakanin awo kuma hannunki ya isa. Ki shafa bayan tafin hannunki a miƙe, ki ji yadda ƙasusuwan yatsu suke ƙarƙashin fata, ana jin su amma ba su tsaya cirko-cirko ba. Haka haƙarƙarin kare mai daidai yake. In sai kin danna kafin ki ji su, kamar tudun tafin hannu, da sauran aiki. In kin tsaya a kansa kin duba daga sama, ya kamata ki ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari. Mu muna da ma'auni daga 1 zuwa 9, ana son kare ya tsaya a 4 ko 5. Naki, bisa abin da kika faɗa, ya kai 7 ko 8.

Wahalar tana da lada. An yi wani dogon bincike a Amurka kan karnuka 48 irin Labrador, aka bi su tsawon rayuwarsu, aka buga sakamakon a 2002. An raba su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya yana cin kashi 25 cikin ɗari ƙasa da ɗan'uwansa. Waɗanda aka rage wa sun kai shekara 13 a tsakaice, sauran kuwa 11 da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓoɓi ya yi jinkirin kama masu ƙarancin cin. Nishin da naki ke yi in zai tashi ya sa na tuna wannan, don irin na Jamus sun gaji raunin mahaɗin kwatangwalo, kowane kilo na ƙari a kansa yake sauka.

Sai dai kafin a ɗora laifin duka a kan kwano, a duba shi. Kare mai shekara 6 da ya yi ƙiba, in yana yawan barci, gashinsa na zuba ta gefe biyu daidai, jelarsa ta yi sanƙo, ana zargin ƙullutun maƙogwaro da ake kira tiroyid ya yi rauni, wannan magani yake so. In yana shan ruwa kamar raƙumi, yana fitsari ba ƙaƙƙautawa, ciki ya zazzago, wata cuta ce daban. In kuma cikin ne kaɗai ya yi girma, ƙashin baya na fitowa, wataƙila ruwa ne ya taru saboda zuciya ko hanta, ko tsutsar ciki. Rage wa irin wannan abinci ƙara masa ciwo ne.

In faɗa don sauran masu karatu, ba kowane kare ne wannan maganar ta shafa ba. Mafi yawan karnukan da nake gani a Yamai rama ce matsalarsu, ga kaska ga tsutsa, su nama da maganin tsutsa suke bukata. Kwikwiyo mai girma, karya mai ciki ko mai shayarwa, tsohon da ya fara shanyewa, da wanda ya tashi daga ciwo, duk kar a cika musu ciki da ganye. Wanda aka taɓa samu da tsakuwar mafitsara ko ciwon ƙoda, a tambayi likitansa tukuna. Sai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen: masu karen Azawak, dogon nan siriri na makiyayan arewacin Tawa. Halittarsa ce a ga haƙarƙarinsa da ƙasusuwan ƙugu. Baƙo ya shigo ya ce ana kashe shi da yunwa, mai gida ya ji kunya ya shiga ɗura masa shinkafa da mai har ya ɓata shi. A bar shi yadda Allah ya yi shi.

Batun tafiya kuma, abinci kaɗai ba zai yi ba. A fara da minti 15 bayan asuba da minti 15 bayan magariba, a riƙa ƙarawa a hankali. Watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kar a fita da shi da rana ko kusa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, mai ƙiba kuwa zafi na iya kayar da shi cikin mintuna. Ki ɗora tafin hannunki a kan kwalta ko yashi, in ba ki iya jurewa ba, ƙafarsa ma ba za ta iya ba. A lokacin zafin nan abincin da ya yi awa ɗaya a kwano a kwashe. Dafaffen koren wake na kwana uku a firigo, in wuta ba ta yi ta ɗaukewa ba. In kina da wurin daskarewa, ki saya da yawa a watan Janairu sa'ad da yake araha, a ɗan tafasa minti 3, a tsoma a ruwan sanyi, a ƙulla a leda rabon yini-yini. Daskararren ma suna son sa da tsakar rana.

In ya yanke a kasuwa ko ya yi tsada, kar ki bi shi da kuɗi. Kabewa dafaffiya na yin aikin, ta ma fi shi kwantar da ciki. Kokwamba kalori 15 ce a giram 100, karas wajen 40, kabeji kaɗan saboda iska, kankana a cire 'ya'ya da ɓawo. Dankali kuwa a lissafa shi cikin shinkafa, ba cikin ganye ba. Ki fara da robar nan gobe, ki sa a kai shi likita ya duba maƙogwaro da kwatangwalo, bayan mako biyu ki aiko mini da awon farko da abin da kika tarar a cikin robar.